Baturan Rediyona a Gonar Gero

Mu biyar ne a tsakar gida ranar. Akwai ni. Akwai autana, wanda ya dawo daga birni da jitarsa a farkon damina. Akwai ɗan wana, makaniken babur, abokin wasan Auta, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji. Akwai ƙanin marigayi maigidana, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda yara ke kira Baffa har ni ma na kama. Sai surukata, matar babban ɗana, tana bakin murhu tana turara dambu. Mijinta yana kudu tun rani, bai samu halin dawowa ba.

Shekarar nan ce komai ya tashi lokaci ɗaya. Taki ya gagari talaka, fetur ya koma abin da ake saye a 'yar kwalba ana riƙewa da hannu biyu. Gonata ta gabas da gari, wadda maigida ya bar mana, gero ne da dawa, da wake a tsakani. Shuka ta fito da kyau, ruwa ya zauna, sai ciyawa ta taso da ƙarfinta, harƙiya da ƙiri-ƙiri. 'Yan ƙodago ba ni da abin ɗaukarsu. Ni da Auta muka yi ta fama, amma hannun da ya saba da tsirkiyar jita ba ya jimawa a kan ƙotar fartanya. Tafinsa ya yi bororo ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya koma. Ba zan ce ya yi ƙyuya ba. Mu biyu ne kawai, gonar kuwa ta maza biyar ce. Gero ya fara rawaya daga ƙasa. Duk wanda ya yi noma ya san idan ciyawa ta sha kan gero a wannan gaɓar, kara za a girba. Rumbunmu kuma idan aka zura hannu ana taɓa ƙasansa.

Baffa ne ya ce a kira gayya. Da muna ƙuruciya abu ne na kullum: mai gona ya dafa abinci, samarin gari su taru su nome masa, makaɗi na binsu da ganga yana zuga su. Daga baya aka bari, kowa ya koma biyan kuɗi. Sai da wuya ta zo aka tuna da ita. Na aika aka kira min sarkin samari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, za mu zo, amma sai bayan azahar, kowa ya taɓa tasa da safe. Sai dai yaran yanzu ba za su yi noman wani a bushe ba. In babu kiɗa, za su yi kunya biyu su sulale."

Makaɗin noman garinmu ya rasu, gangarsa na rataye fatar ta yage, 'ya'yansa duk suna birni suna haya da babur. Sarkin samari ya juya ya kalli Auta.

Ni ban taɓa son jitar nan ba, kuma ban ɓoye ba. Mu ba gidan makaɗa ba ne. Ranar da ya shigo da ita rataye a kafaɗa na ce masa ta zauna a ɗakinsa, kada in ji ta a tsakar gidana. Ya ce to. Yaro ne mai to. A birni da ita yake ci, yana bin wasu abokansa gidajen biki, har masu biki suka daina kiran makaɗa saboda tsadar rayuwa, ya tattaro ya dawo. Yanzu ga shi ana ce min abin da na hana shi ne zai ceci gerona. Na haɗiye na ce a yi.

Kayan nasa ba jita kaɗai ba ne. Akwai lasifika mai riƙe caji, wannan ya kai ta shagon caji a Zakirai ya cika ta. Sai wasu ƙananan akwatunan ƙarfe guda uku, kowanne kamar sabulun wanki, da ɗan maɓalli a kai da yake takawa da ƙafa. Ɗaya yana ƙara wa jitar kauri. Ɗaya yana sa ta amsa kuwwa kamar a cikin rijiya. Na ukun shi ne mai aikin: idan Auta ya buga bayan jitar da tafin hannu ya taka shi, sai ya riƙe bugun ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, kamar an zaunar da mai ganga a gefe. Wannan ne zai tsaya a madadin gangar noma. Su kuma akwatunan ba sa riƙe caji, daga bango suke shan wuta ta wata adafta. Gona ba ta da bango. An shirya mai shagon caji zai ara mana ƙaramin janareta, sai da hantsin ranar ya aiko cewa ba shi da ɗigon fetur, kuma duk garin babu.

Shi ya sa muka taru a gindin darbejiya, akwatuna uku a kan tabarma, muna kallonsu kamar an kawo mana marayu.

Makanike ne ya fara. Ya ce, "Kai bawana, matsa ka ba ubangidanka wuri. Ga batirin babur ɗina nan, ko jiya na caja shi."

Auta ya ce, "Na babur wutar sha biyu ce. Waɗannan tara suke ci."

"To ukun ai gyara ne. Ka taɓa ganin wanda mai awo ya yi wa gyara ya yi fushi?"

"Kai dai kada ka taɓa. Wanda ya gyara babur ɗin liman ya koma tafiya da baya."

"Gwaggo, kin ji shi ko? Ɗan birni, an dawo da tsumma a hannu."

Na ce su rufe min baki. Baffa ya ce ai akwai wasu ƙananan batura masu kusurwa huɗu, ya taɓa gani a kasuwar Minjibir. Auta ya ce ya san su, amma akwatin maimaitawa yana zuƙe su kafin a kai ƙarshen kunya ɗaya, kuma kafin a je Minjibir a dawo rana ta faɗi. Ya tashi ya shiga ɗaki, wai ko zai ga wata dabara a jakarsa.

Ina kallon ɗan wana sanda ya jawo batirin kusa da tabarma. Na ce, "Kai, an ce kada ka taɓa." Ya ce, "Gwaggo, gwadawa kawai zan yi, a ƙaramin." Ya ɗauki mai ƙara kauri, ya soka masa wayoyi biyu. Sai wata 'yar ƙara, tas, hayaƙi siriri ya fito ta gefe, wari ya tashi kamar an jefa takalmin roba a murhu.

Auta ya fito da gudu. Ya ɗauki akwatin ya kai hanci, ya juya shi, ya ajiye a hankali. Bai zagi kowa ba. Da ya yi zagin da ya fi min sauƙi. Daga baya na ji shi ne na farko da ya saya, lokacin yana dako a Dawanau yana tarawa. Makanike ya tsuguna ya dafe kai, duk surutun nan ya ƙafe.

A gefena rediyona ne, don ba na rabuwa da shi ko a kashe yake. Na maigida ne. Gidan batirinsa ya yi tsatsa tun yana da rai, sai ya yi abin da kowa ke yi a ƙauye: ya jera manyan batura a cikin kwali ya naɗe kamar tabarma, ya ɗora waya a kowane baki, ya ɗaure da robar tayar keke, ya rataya a bayan rediyon. Haka na gaje shi, haka nake canzawa. Baturan da ke ciki sababbi ne, babban ɗana ya aiko min da su ta hannun wani direba, kuma na san ba za a sake aiko wasu da wuri ba. Ina tattalinsu kamar gishiri. Da safe in kunna in ji sanarwar rasuwa, ko akwai wanda na sani, ranar Juma'a in ji karatu, shi ke nan in kashe. Tun da maigida ya tafi, muryar namiji babba da ke shiga ɗakina ita ce ta rediyon nan.

Na ga idon Auta ya sauka a kansa ya ƙi tashi.

"Inna, batura nawa ne a kwalin nan?"

"Ɗauke idonka."

"Tambaya na yi."

"Huɗu ne. Kuma nawa ne."

Ya ƙirga da yatsunsa, leɓensa na motsi. Ya ce kowane ɗaya wutar ɗaya da rabi ce, idan aka jera shida kai da gindi sun tashi tara daidai, babu gyara. Ya ce irin wannan wutar ma ta fi ta janareta tsabta, don janareta yana sa akwatunan gurnani kamar amya. Ni ban san lissafinsa ba, ban zauna a aji ba. Abin da na sani shi ne rediyona zai yi shiru.

Sai surukata, wadda ba ta saka baki a maganar manya, ta ce daga bakin murhu, "Inna, dambu ya kusa nuna. Tsakin da ya rage ne na zuba duka." Na fahimce ta. Abincin kwanaki muka zuba a tukunya ɗaya domin samarin nan, idan suka ci suka sulale, mun yi asarar dambu mun yi asarar gero.

Da hannuna na kwance robar. Ban yarda wani ya taɓa ba. Na zazzage su a kan zanina, na miƙa masa ɗaya bayan ɗaya.

Saura biyu. Duk muka juya ga Baffa, don kowa ya san tocilarsa. Ya dafe aljihu. Ya ce, "Ni da nake fita sallar asuba a cikin ciyawar nan? Maciji ya sare ni saboda garaya?" Auta ya ce, "Baffa, jita ce." Ya ce, "Ko uwarta ce." Na ce, "Kai ka ce a kira gayya." Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya kwance gindin tocilar yana ƙunƙuni, wai gidan yayansa ba a taɓa shigowa a fita da kaya cikakke ba.

Auta ya ɗauko adaftarsa, mai waya mai kawuna da yawa, ya riƙe wuƙa a kanta ya tsaya. Ita ma saye ya yi, kuma idan ya yanke, ya yanke. Ya yi bisimilla ya datse. Wayoyi biyu suka fito. Ya ce sauran abu ɗaya: akwatunan nan a juye suke shan wuta, ba kamar rediyo ba, idan aka ba su kai a inda suke son gindi su ma za su ƙone, shi kuma ba zai iya rantsewa wace waya ce wace ba. Makanike ya ɗago kai a karon farko. Ya ce yana da 'yar mitar awo a shago. Auta ya ce, "Tashi ka ɗauko, uban 'yan ƙone-ƙone." Ya tashi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Su biyun suka haɗa kai a kan tabarma, ɗaya na riƙe da mita ɗaya na duba zanen da ke ƙarƙashin akwatin. Suka auna, suka sake aunawa. Wannan karon makanike ne ke cewa a dakata a ƙara dubawa. Na yanko musu kwalin sabulu mai tsayi, na naɗe baturan shida da kaina, don naɗin nan na fi su iyawa, na ɗaure da robar. Aka soka a akwatin amsa kuwwa tukuna, don idan ya ƙone da sauƙi. Wata 'yar fitila ja ta kama a goshinsa. Babu hayaƙi. Aka soka na maimaitawa, shi ma ya kama. Baffa ya ce, "Allahu akbar," kamar bai gama zagin abin ba yanzun nan.

Bayan azahar muka fita. Auta da jita, makanike da lasifika a ka, ni da kwalin batura a cikin mayafina. Surukata ta tsaya a gida, aka biyo mu da dambu da kunun tsamiya. Samari sun zo, sun fi yadda na zata, amma a tsaye suke a bakin gona, fartanya a kafaɗa, suna dariya. Wani ya ce, "Yau biki za a yi wa ciyawa?" Wani ya ce a ba shi amaryar ya gani. Auta bai kula su ba. Ya shimfiɗa buhu a gindin gawo, ya jera akwatunan, ya buga bayan jitar da tafinsa mai ciwo, irin bugun gangar noma da ya ji yana yaro, ya taka. Bugun ya ci gaba shi kaɗai. Ya ɗora tsirkiya a kai.

Dariyar ta tsaya. Sarkin samari ya tofa yawu a tafi ya sunkuya, sai na kusa da shi, sai duka. Auta ya fara kiran su ɗaya-ɗaya, da sunan uban kowa da kakansa da gonar da aka san gidansu da ita. Ban san ya riƙe waɗannan abubuwa ba, yaron da nake cewa birni ya cinye. Wanda aka kira sai ya yi kururuwa ya wuce na gabansa. Ƙasa na tashi, ciyawa na kifewa. Na tsaya ina kallon gerona yana fitowa fili layi bayan layi.

Sun kai kusan rabi sai kiɗan ya yanke. Ɗif. Jitar ta koma 'yar siririyar murya, gangar ta ɓace. Samari suka miƙe tsaye, wasu suka dafa ƙugu, na ga biyu sun fara duban hanyar gari. Auta ya tsuguna a kan kwalin. Ashe zafin rana ne ya sa robar ta saki, baturan suka rabu da juna a ciki. Ya matse bakin biyu da hannu, fitila ta kama, ya saki, ta mutu. Makanike ya ce bari ya je gari ya yanko sabuwar roba. Na dubi rana, na dubi waɗanda ke duban hanya.

Na ce, "Ba ni nan."

Auta ya ce, "Inna?"

"Na ce ba ni. Kai koma kan garayarka."

Na zauna a ƙasa a gindin gawon, na miƙe ƙafafu, na ɗora kwalin a cinya, na matse bakinsa biyu da tafukan hannuna kamar mai riƙe da taɓarya a kwance. Fitilu suka kama. Auta ya sake buga gangarsa ya taka. Da samarin suka ga wadda ke riƙe da wutar, sai ihu ya tashi, don duk cikinsu babu wanda ban taɓa kora daga bakin zaurena ba. Sarkin samari ya ce, "Kai jama'a, Inna ce injin! Wanda ya tsaya ta sake shi!" Na ce, "Ka yi noma, marar kunya." Suka sunkuya.

Makanike ya dawo da roba, amma idan za a ɗaure sai an yanke kiɗan, su kuwa sun ɗau zafi, na ce ya bari. Hannuwana suka yi tsami, suka mutu, kafaɗuna suka ɗauka. Tururuwa ta hau min ƙafa ban iya kaɗewa ba, Baffa ne ya zauna kusa yana kore ta da sandarsa yana cewa shi dai baturansa biyu a kula masa da su. Lasifikar na kusa da kunnena. A nan na fara jin abin da yaron nan yake yi da yatsunsa, na ji shi sosai, ba ta bayan bango ba. Har ya zo kan marigayi maigidana, ya kira shi da gonarsa, ya ce ga matarsa nan zaune tana riƙe da gida. Ban ɗago kai ba. Hannuna biyu na aiki, ba ni da na share ido, na bar shi ya bushe da kansa.

Kafin magariba suka fita ta ƙarshen gona. Ba a bar ko kunya ɗaya ba. Aka ci dambu aka sha kunu, aka yi addu'a. Sai da Auta ya buɗe min yatsu da hannunsa kafin kwalin ya fita. A hanya na ji sarkin samari yana ce masa akwai gonar wata gwauruwa a yamma da gari, ita ma ciyawa ta ci ƙarfinta, ko za a yi mata ranar Asabar. Auta ya ce sai ya samu batura. Ya faɗa ƙasa-ƙasa don kada in ji.

Geron nan shi muka ci har wata damina. Har yau idan na zuba tsaba a turmi ina tuna samarin nan, ina sa musu albarka ɗaya-ɗaya, har da mai ƙone-ƙone, wanda ya yi ta bin masu gyaran rediyo da akwatin da ya ƙona har aka tashe shi. Allah ya rufa musu asiri kamar yadda suka rufa mana.

Washegarin gayyar da safe na jera baturan a kan katanga su sha rana, kamar yadda maigida ke yi idan sun gaji. Na ware biyu na kai wa Baffa, ya ce jiya a duhu ya je masallaci kuma Allah ya isa. Na ce ya karɓa ko in mayar. Ya juya su a hannu, ya ce wai ranar Asabar ɗin da ake faɗa, da gaske ne? Na ce da gaske ne. Ya miƙo min su ya ce ai akwai farin wata, zai ga hanya.

Na dawo na samo kwali mai kauri, na naɗe shidan tam, na ɗaure da sabuwar robar ninki biyu, na ja na ga ba ta motsi. Na ajiye a bakin ƙofar Auta, yana barci. Rediyon na goge shi na rufe da ƙyalle na tura ƙarƙashin gado. Sannan na ɗauki mayafina na shiga maƙwabta, don lokacin sanarwar rasuwa ya yi, su kuma nasu yana aiki.